Ma'anar Zane-zanen Gargajiya a Dardumar Farisa: Abin da Tarihi Ya Tabbatar da Abin da Kasuwa Ta Ƙara

1.0 Gabatarwa

Dardumar Farisa, watau ƙasar da a yau ake kira Iran, tana cikin kayan saƙa da suka fi shahara a duniya. Littattafan da ake rubutawa don masu saye sukan zo da jerin zane-zanenta, a gaban kowane an ajiye ma'anarsa: wannan alamar haihuwa ce, wancan maganin kambun baka ne, wancan kuma na tsawon rai. Mai karatu sai ya ɗauka darduma wasiƙa ce, zane-zanen kuwa haruffa, wanda duk ya haddace su zai karance ta daga farko har ƙarshe. Manufar wannan maƙala ita ce ta auna wannan ra'ayi da ma'aunin tarihi. Za a ɗauki wasu fitattun zane-zane, a tambayi lokacin da kowane ya bayyana, da inda ya fito, da irin shaidar da ake da ita game da abin da masu shi suka nufa da shi. Za a ga cewa ma'anonin ba darajarsu ɗaya ba. Wasu rubutu da gini da al'ada sun tabbatar da su, wasu sun juya da juyin ƙasa da addini, wasu kuwa sai a ƙarni na 19 aka liƙa su, lokacin da darduma ta zama hajar Turai. Malamin da bai rarrabe su ba zai koyar da tallan fatake da sunan tarihi.

Kafin a shiga batun, ya kamata a san yadda ake saƙar. Masaƙi yakan ɗaura zaren tsaye a jikin katako, ya bi su yana ƙulla guntayen ulu ko alharini ɗaya bayan ɗaya, in ya gama layi ya gitta zaren kwance ya danne, daga baya a datse gashin ya daidaita. Kowane ƙulli ɗigon launi ne guda. A birane irin su Tabriz da Kashan da Isfahan da Kirman, mai zane daban masaƙi daban, domin ana tsara zanen ne a takarda tukuna. A ƙauyuka da wajen makiyaya kuwa mata ne ke saƙa, kuma daga ka suke yi, bisa abin da suka gani wajen iyayensu mata. Wannan bambanci zai yi ta fitowa a nan gaba.

2.0 Tsohuwar darduma da matsalar shaida

Mafi tsufan darduma mai ƙulli da ta iso hannunmu kusan a cike ita ce wadda ake kira Pazyryk. Masanin Rasha Sergei Rudenko ya tono ta a shekarar 1949 cikin kabarin wani basarake a duwatsun Altai na Saberiya, inda ƙanƙara ta daskarar da ita ta hana ta ruɓewa. An ƙiyasta saƙarta wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma tana ajiye a gidan kayan tarihi na Hermitage a Rasha. Tsawonta mita 2 ne, faɗinta ya ɗan gaza haka. A tsakiyarta akwai gidaje 24 masu furanni, a gefunanta kuma akwai jerin barewa, da mahaya da dawakansu guda 28, da wata dabba mai jikin zaki da kan gaggafa. Dawakan da kayansu sun yi kama ƙwarai da waɗanda aka sassaƙa a bangon fadar Persepolis, shi ya sa masana da yawa suka danganta ta da daular Farisa ta zamanin, ko da yake wasu sun ce a Armeniya ko tsakiyar Asiya aka yi ta.

An yi ta fassara wannan darduma. Wani ya ce jerin mahayan rakiyar gawa ce, wani ya ce gidajen tsakiya allon wasa ne irin na dara. Ba rubutu a jikinta, waɗanda suka binne ta kuma ba su bar littafi ba, saboda haka fassarorin nan duk hasashe ne. Abin da ta tabbatar shi ne tsarin da darduma ke bi har yau, watau fili a tsakiya da gefuna masu kewaye shi ɗaya cikin ɗaya, ya haura shekara dubu biyu.

3.0 Lambu

In akwai ma'anar da shaidarta ta yi ƙarfi, to ta lambu ce. Yawancin ƙasar Farisa tudu ne mai ƙarancin ruwa da tsananin hunturu, lambu kuwa sai an janyo masa ruwa daga gindin dutse ta ramukan ƙarƙashin ƙasa, an kuma kewaye shi da katanga. A tsohon harshen Awesta ana kiran wuri kewayayye pairidaeza. Kalmar ta shiga Girkanci, ta kuma bi ta wasu harsuna ta zama firdaus a Larabci, ta zo sau biyu a Alƙur'ani, a surorin Kahfi da Muminun. Daga nan Hausa ta samu Aljanna Firdausi, har ta raɗa wa 'ya'ya mata sunan. A kufan Pasargad, fadar Sarki Kurush na ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa, masu tono sun gano magudanan ruwa na dutse da suka ratsa lambun sarki. Tsarin da ya shahara daga baya shi ne cahar bag, watau lambu huɗu: magudana biyu su gitta juna, a haɗuwarsu a yi tafki, fili ya rabu huɗu.

Labarin farko na shimfiɗa mai siffar lambu yana cikin tarihin Ɗabari. Da rundunar Sa'ad bin Abi Waƙƙas ta ci birnin Mada'in a shekarar 637, ta tarar da wata shimfiɗa a fadar Kisra, kamu 60 tsawo kamu 60 faɗi, wadda aka yi wa hanyoyi da ƙoramu da furanni da zinariya da duwatsu masu daraja. An ce sarakunan Farisa kan zauna a kanta da hunturu, lokacin da furanni suka ƙare, shi ya sa ake kiranta Bazarar Kisra. An aika da ita Madina, aka yayyanka ta aka raba a zamanin Sayyidina Umar. Mai yiwuwa ɗinki ce ba saƙar ƙulli ba, amma labarin ya faɗi manufarta ƙarara: a shigo da lambu cikin ɗaki sa'ad da babu shi a waje.

Dardumai masu taswirar lambu da suka saura sun fara ne daga ƙarni na 17. Akwai wadda ke birnin Jaipur a Indiya, mai ɗauke da shaidar ajiya ta shekarar 1632, da wadda ake kira Wagner a Glasgow. A cikinsu ana ganin magudanai da kifaye da agwagi, da fangali-fangali na itatuwa. Bakhtiyarawa sun gaji tsarin, suna raba fili gida-gida, kowane gida da itacensa ko furensa. Har ila yau wasu dardumai na fada suna ɗauke da baitoci masu kwatanta shimfiɗar da dausayi da bazara. Musulunci ya ƙara wa wannan tsohon tsari wata fassara, tun da Suratu Muhammad ta ambaci ƙoramu iri huɗu a Aljanna: na ruwa, da na nono, da na giya, da na zuma. Tsarin lambu huɗu ya girmi saukar surar da ƙarnuka, saboda haka ba daga ita aka ɗauko shi ba, amma Bafarishe Musulmi da ya dube shi ba mamaki ya tuna da ita.

4.0 Turanj, fitila da mihirabi

Zanen da aka fi sani a yau shi ne babbar da'ira a tsakiya, da rubu'inta a kowace kusurwa. Farisawa suna kiran da'irar turanj, sunan wani irin babban lemo, kusurwar kuma lacak, watau kallabi. Hotunan littattafai na farkon ƙarni na 15 suna nuna dardumai masu ƙananan zane-zane na kusurwoyi ana maimaita su. Sai wajen ƙarshen ƙarnin aka fara ganin da'ira da rassa masu lanƙwasa. Masanin Jamus Kurt Erdmann ya kira wannan sauyi juyin juya hali, kuma asalinsa a bayyane yake: da'ira da kusurwoyi huɗu tsarin bangon littafi ne da zayyanar shafin farko. Masu zayyanar fada su ne suka fara tsara darduma a takarda, masaƙa suka bi.

Sauyin ya kai ƙololuwa a daular Safawiyya, wadda Shah Isma'il ya kafa a 1501. Misalin da ya fi shahara shi ne dardumar Ardabil, ta zamanin Shah Ɗahmasb (1524 zuwa 1576). Tagwaye ne, ɗaya tana gidan kayan tarihi na Victoria da Albert a Landan, wanda ya saye ta fam 2,000 a 1893, ɗayar kuma tana Los Angeles. Ta Landan tsawonta mita 10 da rabi ne, faɗinta ya ɗara mita 5. A tsakiyarta da'ira ce rawaya mai ƙananan kwando 16 kewaye da ita, sai fitilu biyu masu ratayuwa, ɗaya ta fi ɗaya girma. A bakinta an saƙa baiti ɗaya na Hafiz, da sunan Maƙsud Kashani, da shekarar 946 ta Hijira, watau 1539 zuwa 1540. Galibin masana sun tafi a kan cewa an yi ta ne don hubbaren Shaihu Safiyuddin, kakan gidan sarautar, a garin Ardabil.

Sau da yawa akan ce turanj hoton ƙubbar masallaci ce an sauko da ita ƙasa, akan kuma kafa hujja da ƙubbar masallacin Shaihu Lutfullah a Isfahan. Kamar tana nan, amma an gina masallacin ne tsakanin 1603 da 1619, shekaru fiye da 60 bayan dardumar Ardabil. Abin da ya fi dacewa a ce shi ne ƙubba da bangon littafi da darduma duk daga hannun masu zane na gida ɗaya suka fito. A shekarar 1972 Schuyler Cammann ya kawo ra'ayin cewa da'irar ƙofar sama ce, bisa kwatanci da al'adun Asiya da dama. Ra'ayin yana da daɗin ji, sai dai rubutun da ke jikin dardumar bai ce komai game da da'irar ba. Fitilun kuwa irin waɗanda ake ratayawa ne a masallatai da hubbarori, kuma masu yin fitilun gilas na Masar sukan rubuta Ayar Haske ta Suratun Nur a jikinsu, don haka dangantaka tsakanin fitila da hasken Ubangiji sananniya ce a duniyar Musulmi ta lokacin.

Mihirabi shi ne zanen da ba shi da gardama, domin aikinsa shi ne ma'anarsa. Bakan da ke saman dardumar salla kwaikwayon mihirabin masallaci ne, yana nuna inda za a fuskantar da ita da inda goshi zai sauka. Wasu dardumai na Safawiyya masu wannan siffa suna da ayoyi a gefunansu. Sallayar da alhazanmu ke dawowa da ita daga Makka, ko da inji ne ya saƙa ta, wannan bakan take ɗauke da shi.

5.0 Baƙin zane daga Sin

Bayan Mangolawa sun mamaye Farisa, suka ci Bagadaza a 1258, hanya ta buɗe tsakanin Tabriz da ƙasar Sin, alharini da tangaran suka riƙa shigowa. Da su ne furen bado irin na Sin ya shigo, da girgije mai siffar igiya, da dodon maciji, da tsuntsu mai doguwar jela. Ana ganin biyun ƙarshe a tayil ɗin fadar Takht Sulaiman ta wajen 1270. Masu zane na Farisa har yau suna raba rassan adonsu gida biyu, islimi da khata'i, na biyun kuwa ma'anarsa na ƙasar Khata, watau Sin ta arewa. Sunan kansa ya riƙe tarihin aron.

Siffa ta yi tafiya, ma'ana ba ta biyo ta ba. A Sin dodon maciji dabbar alheri ce, mai kawo ruwan sama, tambarin sarki. A Farisa kuwa an sa masa sunan azhdaha, mugun da jarumai irin Rustam ke kashewa a Shahnama, wanda Firdausi ya kammala a 1010. Tsuntsun kuma ya zama Simurg, wanda ya reni Zal, mahaifin Rustam. A Sin dabbobin biyu alamar jituwa ce, a dardumar Farisa kuwa sau da yawa faɗa suke yi. Wanda ya ɗauko ma'anar Sin ya ɗora wa dardumar Kashan ya karanta ta a juye. Haka nan babban furen da ake kira shah abbasi: an sa masa sunan Shah Abbas, wanda ya rasu a 1629, alhali yana nan a dardumai tun kafin a haifi sarkin.

6.0 Bote da mahi: suna da ma'ana

Ba zanen da aka yi wa fassarori kamar bote, mai siffar ɗigon ruwa da kai a lanƙwashe. An ce harshen wutar Majusawa ne, an ce itacen sarw ne da iska ta tanƙwara, an ce 'ya'yan itace ne, an ce tuntun rawanin sarki ne, an ma ce sawun dunƙulen hannu ne da wani sarki ya buga a madadin hatimi. Kalmar dai a Farisanci ƙaramin itace take nufi. Fassarar sarw tana da abin dogaro ta gefe ɗaya, domin itacen yana da daraja tun kafin Musulunci. Akwai labarin sarw na Kashmar da ake dangantawa da Zaradusht, wanda Halifa Mutawakkil ya sa aka sare a 861, kuma mawaƙan Farisa sun daɗe suna kwatanta tsayin masoyi da shi. Amma sarw yana da zanensa na kansa a darduma, a miƙe, kowa ya gani ya gane.

Tarihin bote ya fi bayyana a mayafan Kashmir. John Irwin ya jera su bisa shekaru, ya nuna yadda tsiro mai fure da saiwa na ƙarni na 17 ya riƙa cika da furanni yana dunƙulewa, har wajen farkon ƙarni na 19 ya zama ɗigon nan mai lanƙwasa. Ba a ganin bote a manyan dardumai na ƙarni na 16. Ya yaɗu ne a zamanin Ƙajar, cikin ƙarni na 19, a dardumai na Saraband da Kirman da na Ƙashƙa'i, daidai lokacin da masaƙan garin Paisley a Sikotilan ke kwaikwayon mayafan har Turawa suka sa wa zanen sunan garin. Wanda ya ce bote wutar Majusawa ce, wajibi ne ya nuna inda ya ɓuya tsawon shekara dubu.

Zanen harati, mai sunan birnin Hirat, fure ne cikin gida mai kusurwa huɗu, ganye huɗu masu lanƙwasa sun kewaye shi. Masaƙa suna ce masa mahi, watau kifi, don ganyen sun yi kama da kifi. Daga nan wasu suka gina labarin kifaye da wata da tafki. Mai nazarin Hausa ya san irin wannan suna. Wanda ya ji aska takwas a aikin babbar riga bai ɗauka tarihin wanzanci aka ɗinka ba, ya san suna ne da ya bi siffa don maɗinki da mai saye su fahimci juna. Mahi da turanj da lacak duk irin wannan suna ne.

7.0 Dardumar makiyaya

A wajen makiyaya rubutu ya yi ƙaranci, sai a nemi shaida a sauran al'adunsu. Ƙashƙa'i da Lurawa na lardin Fars suna saƙa darduma mai hoton zaki, irin waɗanda mai sassaƙa Parviz Tanavoli ya tattara ya yi nazarinsu tun shekarun 1970. Ma'anar a nan tana da madogara, domin Bakhtiyarawa sukan kafa zakin dutse a kan kabarin jarumi, kuma Zakin Allah laƙabin Sayyidina Ali ne, wanda ke da babban matsayi a wurin 'yan Shi'a. Turkumawa na arewa maso gabas kuwa suna jera wani zane mai kusurwa takwas da ake kira gul. A 1946 Valentina Moshkova ta ce kowace ƙabila tana da nata gul a matsayin tambari, kuma ƙabilar da aka ci da yaƙi takan rasa nata. An yi gardama kan rabin ra'ayin na biyu, amma an yarda cewa ana gane saƙar Tekke daga ta Yomut ta siffar gul. Fatake kuwa sun kira wasunsu sawun giwa, dardumar kuma suka ce mata ta Bukhara, sunan kasuwar da ake sayar da ita.

8.0 Kasuwar Turai

Bayan faɗuwar Isfahan a hannun Afganawa a 1722 saƙar fada ta ja baya. Farfaɗowarta a shekarun 1870 ta zo ne da buƙatar Turai. Kamfanin Ziegler na Manchester ya kafa reshe a Sultanabad, Arak ta yau, a 1883, yana bai wa masaƙa zane da launi bisa abin da ɗakunan Ingila da Amurka ke so. Mai saye da bai jin Farisanci yana son labari, dillali kuma bai rasa abin faɗi. Yadda suna ke ɓata a kasuwa ya fito fili a dardumai na alharini da zaren zinariya na zamanin Shah Abbas. An baje wasunsu a Faris a 1878 daga gidan Czartoryski na Poland, aka ɗauka saƙar Poland ce, sunan ya bi su har yau, alhali an san Sarki Sigismund na Uku ya aiki wani Ba'armene Kashan a 1601 don ya sa a saƙa masa irinsu. A daidai wannan zamani Alois Riegl na Vienna ya buɗe wata hanyar nazari a littattafansa na 1891 da 1893, inda ya bi siffar ganye da fure daga Masar ta dā zuwa Girka zuwa adon Musulunci, ya nuna cewa zane kan rayu ƙarnuka don ido ya saba da shi, ko da ma'anarsa ta farko ta ɓace.

9.0 Kammalawa

An ga cewa lambu da mihirabi da fitila da zaki suna da ma'anonin da harshe ko rubutu ko aiki ko wata al'ada ta mutanen ta tsaya musu. Dodon maciji da Simurg sun nuna cewa zane kan ƙetare iyaka ya sake ma'ana. Turanj da mahi da shah abbasi sunaye ne na sana'a, bote kuwa ya fi fassarorinsa ƙuruciya. A 2010 Hukumar UNESCO ta sa saƙar Fars da ta Kashan cikin jerin al'adun gado na duniya, kuma abin da ta yi wa rajista shi ne gwanintar masaƙa da yadda suke gadar da ita. A nan ne aikin da ya rage yake: a rubuta sunan da masaƙiya ke kiran kowane zane a harshenta, da wadda ta koya mata, da lokacin da ake shimfiɗa irin wannan darduma, a ajiye wannan daban da abin da dillali ya faɗa, da abin da mai nazari ya hasaso.